Reshen Goron Baba da Tafintan Injin Surfani

Wata uku cur na yi ina faɗa da layin rubutu guda ɗaya. Abin haushin, ni na rubuta shi da hannuna, da Hausa ma kuwa, don in burge kaina: "An gama, amma akwai wuri ɗaya da aka ajiye ba a koma ba." Duk sanda na saki shirin kwamfutar da na haɗa, sai ya yi ta tafiya lafiya lau har ƙarshe, sannan ya tsaya ya manna mini wannan layin a fuskar kwamfuta. Har na kai in na hango harafin farko sai in kau da kai.

Mu 'yan Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a garin ba su sake ɗauka ba. Baba dai bai bi fatauci ba, allura ya riƙe, aikin babbar riga da hannu shi ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Zane biyar ya gada wurin mahaifinsa, kuma ko ɗaya babu a takarda. A ka suke, yana karanto su da baka kamar hadda: kaza gaba, juya dama, kaza gaba, ajiye nan. Yayana da ya gaji shagon Baba bai koyi ko ɗaya ba, don shi tun yana saurayi keken ɗinki ya kama, ya ce ba zai share wata biyu a kan wuyan riga ɗaya ba. Ni kuma mace ce, ba wanda ya taɓa tunanin ya koya mini. Sai ga shi idon Baba ya soma dishi-dishi, hannun ya soma rawa, zare ma sai an zura masa. Muna ji muna gani zanen nan biyar za su tafi tare da shi.

A lokacin ina koyar da ilimin kwamfuta a wata ƙaramar makaranta a Parakou. Yayana yana da wani tsohon injin surfani da ya saya a hannun wani tela, ƙwaƙwalwar injin kuwa ta ƙone ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Allura lafiya, ƙarafan da ke jan firam ɗin da ake ɗaura yadi lafiya, sai dai babu mai gaya musu inda za su. Wata Juma'a ina gida, bakina ya ja mini. Na ce zan sa masa sabuwar ƙwaƙwalwa, in zuba zanen Baba a ciki. Yayana ya yi dariya, ya ce in na iya zai daina kirana malamar danne-danne. Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

Ƙwaƙwalwar da na samu wani ɗan kati ne da bai fi tafin hannu ba, cikinsa kuma ƙarami, ba zai ɗauki dubban ɗinki ɗaya bayan ɗaya ba. Don haka na ƙirƙiri ɗan harshe mai umarni shida: ci gaba, juya, maimaita, ajiye, koma, tsaya. Ina rubuta zane da waɗannan kalmomi a kwamfuta, wani shiri ya mayar da kowace kalma lamba ya jera su. Jerin lambobin nan shi muke kira baitkod. A kan katin kuma akwai wani shirin da ke ɗaukar lambobin ɗaya-ɗaya, ya gane abin da kowace ke nufi, ya gaya wa allura. Shi ne tafinta, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Ajiye da koma daga bakin Baba na ɗauko su. In yana kan kara ya zo inda ganye zai fita, sai ya ce "ajiye nan", ya tafi ya ɗinka ganyen, sannan ya ce "koma", ya dawo daidai ramin da ya bari ya ci gaba. Wani lokaci a cikin reshe akwai wani reshen, sai ya ajiye sau biyu ko uku kafin ya fara komawa. Tafintan yana ɗora waɗannan wurare a tari, yadda ake jibga kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka.

Na san allura ba ta da hankali, in aka ce ta soki ƙarfe za ta soka, shi ya sa na cika tafintan da bincike. Kafin allura ta motsa sai ya bi zanen duka a cikinsa tukuna. In ya ci karo da lambar da bai sani ba, ko aka ce koma alhali tarin babu komai, ko ɗinki zai fita daga firam, sai ya ƙi farawa. Haka nan in an zo ƙarshe da sauran abu a tari. Ina ji da wannan binciken sosai, har ɗalibaina na nuna wa, ina yi musu wa'azi a kan masu rubuta shiri ba bincike.

Zanen farko bai ba ni wahala ba. Baba ya karanto, na rubuta, inji ya ɗinka a ƙyalle, ya bi da yatsa ya ce ba laifi. A bakin Baba "ba laifi" babban yabo ne, na koma Parakou kaina ya yi girma. Na biyun shi ne reshen goro, zanen da aka san shi da shi, wanda mutane ke tasowa daga ƙauyuka su jira wata da watanni a yi musu. Kara ne ɗaya da ke tashi daga aljihu, ya hau kafaɗar hagu ya zagaye wuya, da rassa da ganyaye barkatai. Ya kusa cinye mini littafi guda. Na shigar da shi, na saki, layin nan ya fito.

Ko kokwanto ban yi ba, na ce kuskurena ne. Tafinta sabo, tsakanin aji da aji na rubuta shi, dole akwai ɓaraka wani wuri. Na sa shi ya riƙa buga duk abin da yake yi: ga lambar da na ɗauka, ga inda nake, ga abin da ke cikin tari. Rubutu ya riƙa gudu a fuskar kwamfuta har idona ya yi ja. Ga zafin Parakou, ga wuta da ke ɗaukewa daidai lokacin da na fara ganin kan abin, ga batirin kwamfutata da ba ya riƙe ko rabin awa. Ranar Asabar da mutane ke zuwa biki ni ina ɗaki ina zagin lambobi.

Bayan sati biyu na kama wani abu. Umarnin maimaita yana sa tafinta ya yi tsalle ya koma baya, nisan tsallen kuma na ajiye shi a gurbi ɗaya tak, wanda ba ya ɗaukar babbar lamba. In abin da za a maimaita ya yi tsawo, sai lambar ta cika ta zube, tafinta ya dira a tsakiyar wani umarni. Na ce yau ga ɓarawon. Na faɗaɗa gurbin, na fita na sayo soyayyen wagashi, cukun Fulanin nan, na zauna na yi wa kaina liyafa tun ban gwada ba. Da na dawo na saki shirin da maiƙo a yatsuna, layin ya fito yadda yake, ko waƙafi bai canza ba. Kuskuren gaske ne na gyara, amma ba shi nake nema ba. Na ji kamar in ɗauki kwamfutar in wurga ta taga.

Na rubuta wani shirin da ke mayar da lambobin kalmomi, don in ga ko a wurin juyawa aka ci wani abu. Na gwada da littafina layi-layi, daidai suke. Daga nan na je wurin masu fotokofi na buga duk bayanan da tafinta ya fitar, na shimfiɗa takardun a ƙasan ɗakina, na durƙusa da jan biro ina haɗa kowane ajiye da komansa. Maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko duba na fara. Kwana uku ina rarrafe kafin in ga maraya ɗaya, a reshe na biyar, kan kafaɗar hagu. An ce ajiye, an ɗinka ganye, sai aka wuce, ba a ce koma ba. Tafinta bai haɗiye komai ba, a littafina ma babu.

To, na ce kunnena ne. Baba yana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar kekuna a shago, wataƙila ya faɗa ban ji ba. Na shiga taksin Djougou, an matse mu kamar buhuna, na sauka ƙafata ta yi sanyi. Ban gaya masa dalili ba, na ce ruwa ya taɓa littafin. Na ajiye waya a gabansa tana ɗauka, ya karanto daga farko har ƙarshe. Na saurari wurin sau ba adadi, babu koma. Bayan sati biyu na sake dawowa da wata ƙaryar. Ya sake karantowa, kalma-kalma, har inda yake tsayawa ya ja numfashi ɗaya ne. Da ya gama ya tambaye ni ko makarantar Parakou har waɗanda ba sa ji take ɗauka aiki.

A mota kan hanyar komawa na yi wa kaina hujja mai kyau. Mutumin da ya ɗinka wannan zane tun ban zo duniya ba ya faɗe shi sau uku iri ɗaya. Ni kuma wata biyu ke nan da na san akwai wani abu wai shi reshen goro a lambobi. Wa ya ce dole kowane ajiye sai an koma masa? Ni na kafa dokar, a ɗakina, ba da shawarar kowa ba. Wataƙila a wurin nan haka zanen yake, ana bari a wuce. Wani abokin aikina da na yi wa ƙorafi ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ni na sa binciken, ni kuma zan cire, me ya yi zafi. Da ma abin da nake son ji ke nan. Na sa alama a gaban layin binciken don tafinta ya riƙa tsallake shi. Na saki shirin, ya wuce sumul, ya ce a shirye yake. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ban ɓoye wa kaina cewa daɗin na rashin gaskiya ba ne.

Baba ya ce ba a auna reshen goro a tsumma, don haka yayana ya yanko farar shadda mai kyau ya ɗaura a firam. Telolin da ke jere da shagonmu suka baro kekunansu suka zo kallo, don yayana ya riga ya baza labari. Inji ya kama aiki, kara ya tashi daga aljihu, ganyaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya tsaf, har wani ya fara cewa a ba malama kujera. Da aka zo reshe na biyar, allura ta gama ganye, maimakon ta dawo kan kara sai ta ci gaba daga bakin ganyen. Karan ya karkace ya nufi inda ba a aike shi ba, sauran rassan suka bi shi, wasu suka hau kan waɗanda aka riga aka ɗinka. Da ma ya fita daga firam da ya tsaya. Bai fita ba, ya yi ta aikinsa da ƙwazo har ƙarshe, ni kuma ina tsaye na kasa ko miƙa hannu in kashe.

Aka miƙa wa Baba. Ya bi da yatsa daga aljihu, a hankali, har kafaɗa. Ya tsaya ya ture shaddar gefe.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji shi.

Ni kuwa wata biyu da rabi na wahala suka taso mini lokaci guda. Na ce, "Baba, abin da kuka faɗa shi ya ɗinka. Ko ɗinki ɗaya bai ƙara ba, bai rage ba."

Yayana ya watso mini harara. Baba ya ce to ashe tafintan nawa kurma ne, a nemo masa magani. Teloli suka kwashe da dariya. Na haɗa kayana da azahar ɗin nan na tafi tasha, abincin da aka zuba mini ko buɗewa ban yi ba.

Sati guda ban kira gida ba. Amma haushi bai hana ni aiki ba, ƙara zuga ni ya yi. Tunda yatsansa ya ce ba haka ba ne, to koma ɗin yana nan, ɓacewa ya yi. Na riƙa saka shi a wurare daban-daban bayan ganyen, ina sa kwamfuta ta zana mini abin da zai fito. Karan yana dawowa hanya, amma kullum sai a bar wani fili fari a kafaɗa, kamar bakin da haƙori ya fita. Na gane ba zan taɓa cankar abin ba sai na ga riga ta gaske. A gidanmu kuwa babu, Baba bai taɓa ɗinka wa kansa reshen goro ba, duk na mutane ne. Na haɗiye fushina na kira yayana. Bayan ya gama yi mini faɗan rashin kunya, ya tuna da wani tsohon aminin Baba, manomin doya a Kolokondé, wanda aka yi wa irinta tun muna yara.

Damina ce, na hau zem, babur ɗin haya, jar laka ta yi wa zanena ado har gwiwa. Dattijon ya karɓe ni da murna da ya ji 'yar wa ce. Ya fito da rigar daga adaka, a naɗe cikin wani tsohon zane, tana ƙamshin turare. Ya ce in duba iya dubawa, amma ba za ta bar gidan ba, a ciki yake zuwa Idi. Na shimfiɗa ta a tabarma a inuwar tsakar gida, na juya ta bai-bai, don ta baya ake ganin inda zare ya shiga da inda ya fita. Na bi shi da kan allura, ina ɗaukar hoto ina rubutawa. Matarsa ta ɗauka yagewa nake nema, ta yi ta rantse mini cewa ko ɓera bai taɓa kusantarta ba.

La'asar ta kusa na iso reshe na biyar. Bayan ganyen zaren bai wuce ba. Ya lanƙwasa ƙasa ya yi wani ɗan kwanson goro, ƙarami, bai fi kan ɗan yatsa ba, an zagaye shi sau uku, sannan ya koma ramin da aka ajiye a kan kara. Shi kaɗai ne a duk rigar. Ba kalma ɗaya Baba ya bari ba, kwanson duka ne ya fita daga kansa, da komansa a ƙarshe, bakin kuma ya haɗe wurin ya wuce ba tare da ya ji ya tsallake komai ba.

Na daɗe zaune a tabarmar nan. Na ji haushin kaina fiye da duk haushin da na ji a watannin. Tun ranar farko tafintan ya faɗi gaskiya, da kalmomin da ni na sa masa a baki. Na zargi lambobina, na zargi kunnena, na zargi dokata, a ƙarshe na toshe masa baki, duk don kada in kai ga tunanin cewa Baba ne ya manta. Bayan haushin sai tsoro ya zo, don idonsa da hannunsa muke ta lissafi, ba mu taɓa kawo cewa kan ma zai iya fara zuba ba.

Na shigar da kwanson, na cire alamar da na sa, na mayar da binciken. Shirin ya bi zanen duka bai ce komai ba. Da na nuna wa yayana hotunan ya ce, "Bon, to, ki ce kin gyara injin ne, shi ke nan. Ba sai ya sani ba." Na yarda, har na shirya yadda zan faɗa.

Da hantsi muka ɗinka, ba 'yan kallo. Na kai wa Baba a ɗakinsa na durƙusa na miƙa. Yatsan ya tashi daga aljihu, ya hau kara, ya wuce rassa huɗu, ya wuce ganyen, ya faɗa kan kwanson. Ya zagaye shi, ya sake zagayewa. Ya tambaye ni inda na samo wannan. Ƙaryar tana bakina, amma na kasa. Na ce daga rigar da ya yi wa amininsa na Kolokondé, na kuma gaya masa cewa shirin ya taɓa ƙin farawa saboda wurin nan.

Na ga leɓɓansa suna motsi, yana karanto zanen a hankali daga farko, yatsan yana bin zaren. Da ya iso wurin, baki ya wuce, yatsa ya tsaya a kan kwanson. Ya koma farko ya sake. Aka sake yin haka. A karo na uku bai ƙarasa ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan shaddar.

"Abin nan naki da ya ƙi farawa," ya ce, "tun yaushe ya sani?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Kika yi yaya da shi?"

"Na kashe shi."

Ya gyaɗa kai. Na ɗauka faɗa zai yi, da ya yi ma da na ji sauƙi. Sai ya ce kada in sake kashe shi, ko shi ya ce in kashe. Ya ce saura zane uku, in ɗauko wayar, duk inda ya bar wani abu abin nan zai gaya mana.

Na ce to. Ban gaya masa cewa tafinta ya kama wannan ne kawai don an bar ajiye ba koma. In ya manta ganye ɗungurungum, da ajiyensa da komansa, tarin zai tashi babu komai, shirin zai wuce sumul, ba kuma wanda zai sani. Na ajiye wayar kusa da bakinsa na danna, ya gyara zama ya fara na ukun.